Yadda Ake Shirya Tafiya Taron Ƙwararru a Ƙasar Waje, Tun Daga Kano Har Dawowa

Duk lokacin da na dawo daga taro a wata ƙasa, sai abokan aiki su tare ni da tambayoyi kusan iri ɗaya. Likita zai tambayi yadda ake samun takardar gayyata, malamin jami'a zai tambayi wanda ke biyan kuɗin jirgi, injiniya kuma abin da ya dame shi biza ce, sannan kowa daga ƙarshe ya rage murya ya ce, shin ana samun lokacin zaga gari kuwa? Da yake amsar ba ta ƙarewa a tsaye a bakin ofis, na ga ya fi dacewa in jera matakan a rubuce. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin asarar da mutanenmu ke tafkawa a wannan harka tana zuwa ne daga biyan abu kafin lokacinsa, ko barin abu har lokacinsa ya wuce. Ranar taro a tsaye take, don haka daga ita ake ƙirgowa baya, kuma wanda ke son ya yi komai a natse ya ba kansa wata 6.

1. Tantance taron

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar taron na gaskiya ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba ko wata sananniyar ƙungiyar masu sana'arka ce ta shirya shi, ko jami'a, ko hukumar da ka san da zamanta. Ka duba ko an yi irinsa a shekarun baya, a wane gari, kuma su wane ne suka yi jawabi. Bayan haka ka tambayi wani babba a fanninka, domin da wuya a ce taro yana da daraja amma babu wanda ya taɓa jin sunansa a Jami'ar Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko reshen ƙungiyarku na jiha.

Gargaɗi: akwai tarukan bogi da ake shiryawa don karɓar kuɗin rajista kawai. Alamunsu ba sa ɓuya. Za a aiko maka imel ana ta kambama ka alhali ba ka nema ba, za a karɓi maƙalarka cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da gyara ba, kuma za ka ga taro guda ya haɗa aikin likita da noma da lissafi da harkar banki a ɗaki ɗaya. Akwai kuma masu cewa za su ɗauki nauyin jirgi da biza, kai dai ka tura kuɗin otal zuwa wani asusu da suka ba ka. Wannan damfara ce tsantsa.

2. Fasfo

Ka ɗauko fasfonka yau ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata 6, su kuma ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya ta haɗin gwiwa, wato bizar Shengen, suna son ya wuce ranar fitarka daga yankinsu da wata 3, kuma ya kasance yana da shafi 2 da ba a buga komai a kansu ba. Idan sabuntawa za ka yi, ana cike takardu a biya kuɗi a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, sannan a je ɗaukar hoto da zanen yatsu a ofishinsu, kamar wanda ke Farm Centre. Daga watan Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000. Mai yawan tafiya ya fi masa sauƙi ya yi na shekara 10.

Gargaɗi: sunanka da ranar haihuwarka dole su zo daidai da abin da ke kan lambarka ta NIN. Mu nan muna da matsalar rubuta suna ɗaya ta hanya uku, Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muhd a katin wurin aiki. Yadda sunan yake a fasfo, haka za ka rubuta shi a rajistar taro da takardar biza da tikiti, harafi da harafi.

3. Maƙala, tallafi da izinin wurin aiki

Idan kana son gabatar da aiki, yawancin taruka suna rufe karɓar taƙaitaccen bayanin maƙala watanni da dama kafin ranar taro, kuma sukan ƙayyade yawan kalmomi, galibi tsakanin 250 da 300. Ka bi ƙa'idar yadda take. Samun karɓuwar maƙala yana da amfani biyu bayan darajar da ke cikinsa: yana ƙarfafa neman tallafi, kuma yana gamsar da jami'in biza cewa akwai dalilin tafiyar.

Wajen kuɗi, ƙofa uku ake ƙwanƙwasawa. Ta farko ita ce masu shirya taron, domin manyan ƙungiyoyi da yawa suna ware tallafin tafiya ko rangwamen rajista ga mahalarta daga ƙasashe masu tasowa, sai dai sukan rufe neman tare da rufe karɓar maƙala, don haka wanda ya jira sai an karɓi aikinsa yakan tarar an kulle. Ta biyu ita ce wurin aikinka. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da kason halartar taruka na TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wanda ake nema ta hannun makaranta, kuma takardar tana bin teburori da yawa kafin ta fita. Ta uku aljihunka. Ko da an yi maka alƙawarin tallafi, ka shirya kamar kai za ka fara biya, saboda sau da yawa kuɗin ba ya fitowa sai mutum ya je ya dawo.

A wannan matakin ne kuma za ka rubuta takardar neman izinin tafiya. Ka nemi kwanakin taro, ka ƙara kwanakin hanya, sannan ka ƙara kwana 1 ko 2 daga hutunka na shekara don zaga gari. Ka faɗi hakan a fili a cikin takardar. Ya fi mutunci a san inda kake da a ga hotonka a bakin teku ranar da ake zaton kana ofis.

4. Rajista da takardar gayyata

Kuɗin rajista yakan zo hawa-hawa, na masu saurin biya ya fi araha, na ranar taro ya fi tsada, kuma ɗalibai da mambobin ƙungiya suna da nasu farashin. A tarukan da na halarta, na ga rajistar dala 200, na kuma ga wadda ta haura dala 1,000. Wani lokaci kuɗin zama mamba da rajistar mamba idan aka haɗa su ba sa kai rajistar wanda ba mamba ba, don haka ka yi lissafin kafin ka biya.

Kafin ka danna biya, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi, musamman abin da suka ce game da wanda aka hana biza. Wasu suna mayarwa bayan sun cire wani kaso idan ka nuna takardar hanawar, wasu ba sa mayar da komai. Da zarar ka biya, ka nemi takardar gayyata mai ɗauke da cikakken sunanka da lambar fasfonka da ranakun taro da wurin da za a yi shi, da kuma bayanin wanda zai ɗauki nauyinka. Idan katinka na Naira ya ƙi biya saboda iyakar da banki ya sa wa ciniki da ƙasar waje, ka yi amfani da katin asusun dala, ko ka nemi masu taron su ba ka takardar biya ta banki. Ka adana rasit.

5. Biza

Nan ne tafiya ke tabbata ko ta rushe. Da farko ka duba ko ma kana buƙatarta, domin ƙasashen ECOWAS irin su Ghana da Senegal ɗan Najeriya yana shiga ba biza har kwana 90. Idan kana buƙata, to shafin intanet na ofishin jakadancin ƙasar shi ne madogara, ba zancen majalisa ba, saboda dokokin suna sauyawa kuma abin da ya yi wa abokinka aiki bara ba lallai ya yi maka bana ba.

Bizar Shengen ana iya neman ta tun wata 6 kafin tafiya, kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024 ban da ladan cibiyar karɓar takardu, ana yanke hukunci cikin kwana 15 a ƙa'ida amma yana iya kaiwa 45, kuma dole ka sayi inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biya maka kuɗin magani har Yuro 30,000. Ta Birtaniya ana nema daga wata 3 kafin tafiya, kuma amsa takan ɗauki kimanin mako 3. Abin da ya fi ba mutanen Kano wahala shi ne ranar ganawa, domin cibiyoyin irin su VFS Global da TLScontact a Abuja da Legas suke, kuma a lokacin da matafiya suka yi yawa sai ka nemi rana ka rasa. Saboda haka ranar da takardar gayyata ta shigo hannunka, ranar za ka nemi layi. Ka sa kuɗin zuwa Abuja da kwana ɗaya a can cikin lissafinka.

Takardun da kusan kowane ofishi ke nema su ne fasfo da hotuna bisa girman da suka faɗa, takardar gayyata da rasit ɗin rajista, takardar wurin aiki mai nuna muƙaminka da albashinka da izinin tafiya da ranar komawarka aiki, takardun albashi, bayanin asusun banki na wata 3 zuwa 6 mai hatimin banki, shaidar kama masauki, da tsarin tafiyar jirgi. Ka haɗa da gajeriyar wasiƙa ta shafi ɗaya da ke bayyana ko kai wane ne, me za ka je yi, wa zai biya, kuma yaushe za ka dawo. A cikinta ka ambaci kwanakin zaga gari. Jami'in biza tambaya ɗaya yake son takardunka su amsa masa, wato ko mutumin nan zai koma gida, don haka shaidar aiki da iyali da abin da ka mallaka ta fi dogon surutu amfani.

Gargaɗi: kada ka ari kuɗi mai yawa ka zuba a asusunka ana saura mako biyu don a ga kana da hali. Masu dubawa sun san yadda asusun mai albashi ke tafiya, kuma kuɗin da ya faɗo dare ɗaya ba bayani yana cikin manyan dalilan hanawa. Idan da gaske ka sayar da fili ko an biya ka wani aiki, ka haɗa da shaidarsa.

Gargaɗi na biyu ya fi wannan nauyi: idan ka ba ejan ya cike maka takardu, ka karanta kowane layi kafin a tura. Takardar bogi guda ɗaya, ko ɓoye cewa an taɓa hana ka biza, tana iya jawo maka haramcin shiga Birtaniya na shekara 10, kuma ba za a saurari uzurin cewa ejan ne ya rubuta ba.

6. Tikiti da masauki

Kafin biza ta fito, abin da kake buƙata shi ne ajiyar kujera da ajiyar ɗakin otal wanda za a iya sokewa kyauta. Sai fasfo ya dawo hannunka da biza a ciki, ka duba sunanka da ranakun da aka ba ka, sannan ka biya kuɗin tikiti. Na taɓa ganin tikiti mai araha na kasa haƙuri na biya, biza ta fito bayan an rufe taro da kwana 4, kamfanin jirgin kuma bai mayar mini da komai ba sai ɗan kuɗin haraji. Laifina ne, domin sharaɗin yana rubuce ban karanta ba.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano akwai jiragen da ke fita kai tsaye, kamar EgyptAir ta Alkahira da Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, sai dai ba kullum suke tashi ba, don haka ka gwada farashinsu da na tashi daga Abuja bayan ka haɗa kuɗin zuwa can. Idan daga Abuja ko Legas za ka tashi, ka bar Kano tun jajibiri, saboda jinkirin jirgin cikin gida ba baƙon abu ba ne, kuma jirgin waje ba zai jira ka ba. Ka tsara isa garin taro kwana ɗaya kafin buɗewa. Idan akwai canjin jirgi a hanya, kada tazarar ta gaza awa 2 zuwa 3.

Gargaɗi: ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Shengen da Birtaniya, sai fa idan yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa wannan. Tikiti mai araha da ya bi ta Faris ko Frankfurt ko Landan zai iya sa a hana ka hawa jirgi tun daga gida. Ka bincika kafin ka biya.

Wajen masauki, kusanci ya fi ƙawa. Otal ɗin da za ka iya takawa zuwa zauren taro, ko wanda ke kan layin jirgin ƙasa ɗaya da shi, ya fi mai araha da ke bayan gari wanda kuɗin tasi zai cinye rarar. Ka duba ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, don haka idan da asuba za ka sauka ka sanar da su tun da wuri.

7. Guzuri da rigakafi

Mai biza da tikiti yana iya neman guzurin tafiya ta bankinsa, wato PTA ko BTA, wanda ake cike fom ɗinsa a intanet, kuma tun 2024 a kati ake zuba shi maimakon a ba mutum tsaba. Ka fara nema da wuri. Duk da haka ka riƙe 'yan daloli ko Yuro a hannu, ko daga banki ko daga ɗan canjin da ka sani a Wapa, kuma ka karɓi sababbin takardu masu tsafta, domin a ƙasashe da yawa ana ƙin tsohuwar dala ko a karya mata farashi. Ka raba kuɗin wuri biyu. Duk abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

Katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, ana samunsa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar da Indiya suna neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma daga nan ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka bari sai a filin jirgi.

8. Haɗa kaya

A jakar hannu za ka sa duk abin da tafiyar ba za ta yiwu ba sai da shi: fasfo, kwafin takardar gayyata da na otal da na inshora a buge a takarda, kwamfuta, caja, magungunanka, da tufafin kwana ɗaya ko da babbar jaka za ta makara. Batirin ajiyar caji a jakar hannu kawai ake yarda da shi, ruwa da turare da man shafawa kuma kada kwalba ta wuce mililita 100. Jawabinka ka ajiye shi wuri uku, a kwamfuta da filas da imel. Idan fosta za ka kafa, ka duba girman da aka ce, yawanci A0, da ko a tsaye ko a kwance ake so, kuma idan ka samu mai buga ta a kan yadi a nan Kano, za ka ninke ta a jaka ka huta da ɗaukar bututu.

Soket ɗinmu mai baki uku iri ɗaya ne da na Birtaniya da Malesiya da Dubai, amma Turai da Turkiyya da Masar mai baki biyu zagayayye suke amfani da shi, don haka ka sayi adafta a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut, ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka duba yanayin garin. Kaftani da hula suna da kwarjini a zauren taro kuma sukan jawo hira, amma shadda ba ta tare sanyin Turai, sai an haɗa da rigar ciki mai ɗumi da babbar rigar sanyi da safa. Mata ma haka, abaya da mayafi suna buƙatar abin ɗumi a ƙasa. Takalmi mai taushi wajibi ne.

Gargaɗi: kilishi da dambun nama da man shanu an hana shiga da su Turai da Birtaniya, goro kuma haramun ne a Saudiyya. Magunguna irin su tramadol da kodin suna iya kai mutum kurkuku a Dubai idan babu takardar likita da izini. Sannan kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko da daga wa ya fito.

9. Tashi da sauka

Ka isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. A can inda za ka sauka, jami'in shige da fice zai iya tambayarka me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Ka amsa a taƙaice, ka miƙa takarda idan ya nema. Tun kana gida ka sauke taswirar garin a wayarka don ta yi aiki ba data, ka kuma rubuta adireshin otal a takarda. Canji a filin jirgi yana da tsada, ka canza kaɗan kawai. Kada ka bi mai tare ka a ƙofa yana cewa tasi, ka je layin tasi na hukuma ko ka hau bas ko jirgin ƙasa.

10. Kwanakin taro

Ka je da wuri ranar farko ka karɓi katin wuya, ka gano ɗakin da za ka yi jawabi, ka gwada na'urar haska bayani. Babban taro yakan gudanar da zama biyar ko goma a lokaci guda, don haka tun dare ka zaɓi waɗanda za ka shiga. Idan an ba ka minti 12, ka yi atisaye har jawabin ya tsaya a 10, kuma ka rage doguwar gaisuwar manyan baƙi da muka saba da ita, domin can shugaban zama zai katse ka ko ba ka kai ga sakamakon bincikenka ba.

A ganina rabin amfanin taro yana wurin shan shayi. Kuskuren da muke yi shi ne mu nemi 'yan uwanmu 'yan Najeriya mu kafa majalisa har a tashi. Ka gaisa da su, amma ka ware mutum uku ko huɗu da kake son sani a fanninka, ka same su bayan jawabinsu da tambaya takamaimiya, ka karɓi adireshin imel. Tun wajen rajista ka zaɓi abincin halal, in babu ka zaɓi na ganye ko kifi, kuma ka tambayi ɗakin salla, manyan zauruka da yawa suna da shi. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ya fita daga hukuncin kasaru, don haka ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Kada ka baro wurin ba ka karɓi satifiket ɗin halarta ba.

11. Zaga gari

Shawarata ita ce a ajiye yawon buɗe ido sai bayan an rufe taro. Kafin jawabi hankali ba ya kwanciya, kuma wanda ya tsere daga zama don ya je kasuwa ya yi asarar abin da aka biya masa kuɗi dominsa. Da yamma bayan an tashi za ka iya taka unguwar da ke kusa, amma manyan wurare a ba su yininsu. Ka zaɓi wuri uku kawai a rana, waɗanda ke kusa da juna, ka duba ranar da kowanne ke rufewa, ka sayi tikitin shiga ta intanet inda hakan ke yiwuwa.

Bari in yi misali da Istanbul, wadda magabata ke kira Santambul, tunda ana yawan taruka a can kuma 'yan kasuwarmu sun san hanya. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Abu na farko ka sayi katin Istanbulkart ka zuba masa kuɗi, shi za ka riƙa biyan bas da taragu (jirgin da ke bin titin gari) da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Taragun layin T1 zai sauke ka a Sultanahmet, inda manyan wurare uku suke a fili ɗaya. Akwai Aya Sofiya, wadda aka gama ginawa a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453, ta koma gidan tarihi, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Daura da ita akwai masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, shiga kyauta ne. Bayansu kuma fadar Topkapi, inda ake ajiye da kayan tarihin da ake dangantawa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa. Fadar kaɗai tana cin awa 3, don haka da ita ake farawa da safe kafin layi ya yi tsawo.

Gargaɗi: Topkapi tana rufe ranar Talata, babbar kasuwar garin mai rufi, wato Grand Bazaar, kuma tana rufe ranar Lahadi. Wanda ya ware rana ɗaya tak ya duba wace rana ce kafin ya sayi tikitin dawowa.

Da la'asar ka gangara Eminonu ka hau jirgin ruwan haya zuwa Uskudar. Da kuɗin da bai wuce na bas da yawa ba za ka tsallaka daga Turai zuwa Asiya, ka ga hasumiyoyin garin daga kan ruwa, kuma a wurina wannan ya fi yawon jirgin da 'yan kamasho ke tallatawa da tsada. Mai kwana na biyu ya ziyarci unguwar Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, sannan ya shiga kasuwa. Ciniki a can bai fi ƙarfin wanda ya saba da Kwari da Kurmi ba: ka taya ƙasa, ka nuna za ka tafi, ka gwada shago uku. Sai dai ka tuna da awo, domin yawancin tikiti kilo 23 ne kowace jaka, kuma kuɗin ƙarin kaya yana iya fin kuɗin tsarabar.

Dabarar ɗaya ce a sauran birane. A Landan shiga Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ne, a Alkahira masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili suna maƙwabtaka, dalar Giza kuma tana son rabin yini ita kaɗai. Ko'ina ka je, walat da waya a aljihun gaba, fasfo a akwatin ajiya na otal sai dai inda doka ta ce a riƙe shi, kuma ka yi hattara da baƙon da ya cika fara'a yana gayyatarka shan wani abu, ko mai gyaran takalmin da burushinsa ya faɗi a gabanka. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko 'yan sanda ko ginin gwamnati.

Gargaɗi: kada ka ƙara ko kwana ɗaya a kan abin da bizarka ta ba ka. A bizar Shengen akwai ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin zama, kuma wanda ya fara cika shi ne iyakarka.

12. Dawowa

Tun daga ranar farko ka riƙa tara rasit a ambulan ɗaya: na rajista, na biza, na otal, na tasi, da guntayen takardar shiga jirgi na zuwa da dawowa, domin sashen kuɗi ba ya karɓar tikiti kaɗai a matsayin shaidar tafiya. Cikin makon farko ka rubuta rahoto na shafi 1 ko 2, ka haɗa da satifiket da kwafin shafin fasfo mai hatimin shiga da fita, ka miƙa, ka kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A makon nan dai ka aika wa waɗanda kuka haɗu gajeren imel, ka tuna musu inda kuka gana da abin da kuka tattauna. Tsohon fasfo mai ɗauke da bizar da ka yi amfani da ita kuma ka adana shi ko bayan ya ƙare, domin za a nemi ganinsa a neman biza na gaba.